Matambayi Ba Ya Ɓata: Daga Jagaban Ayari Zuwa Manhajar Waya

Kwanakin baya ina kallon wani fim mai dogon zango a wayata, sai aka zo wata fitowa da ta sa na tsayar da shi na yi tagumi. Sunan fim ɗin ba shi ne abin da ya dame mu ba yau. Saurayi ne ya taso daga ƙauye zai je Kano neman gidan wata yarinya da suka haɗu a wajen biki, kuma an nuna mana bai taɓa shiga birnin ba. Na gyara zama, don na san a irin wannan wuri ne darakta ke cin kasuwarsa. Sai kawai gogan naka ya ɗaga waya ya ce, "Turo min lokeshan." Fitowa ta gaba, ga shi tsaye a ƙofar gidansu yana gyara hula. Shi ke nan fa!

Allah Ya jiƙan Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014. Da shi aka bai wa wannan fitowa, to daga tasha zuwa ƙofar gidan nan sai an ci rabin kaset. Zai yi rigima da ɗan kamasho, ɗan acaɓa ya yi ta zagaye da shi a shataletale guda, mai shayi ya yi masa kwatancen da zai kai shi wata unguwa daban, a ƙarshe wani yaro ya karɓi ladansa ya nuna masa gidan da tun ɗazu yake tsaye a gabansa. Masu karatun littattafai ma sun san haka. Tun daga Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo har zuwa littattafan soyayyar da suka cika kasuwa a shekarun 1990, shigar baƙo birni babban babi ne, kuma wanda ya fara nuna masa hanya sau da yawa shi ne ke juya akalar rayuwarsa, ko zuwa alheri ko zuwa halaka.

To, shin da gaske waya ta kashe wannan babi? Ni dai ina ganin wancan fim ƙarya ya yi mana, ba don mugunta ba, don lalaci. Amma kafin mai karatu ya yarda da ni, sai mun koma baya, kuma daga gida zan fara.

Ni mutumin Sabiyal ne, cikin ƙaramar hukumar Aliero a Jihar Kebbi, kuma duk ɗan yankinmu da Jega ya buɗe ido a matsayin birni. Malam Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa garin wajajen 1820, a ƙarƙashin Gwandu, kuma kafin ƙarni na 19 ya ƙare kasuwar Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya. Fataken goro masu zuwa Gwanja da yawansu ta nan suke bi. Su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su yi ta tafiya wata da watanni har Salaga, a cikin ƙasar Gana ta yau. Babu taswira, babu allo a bakin hanya. Abin da suke da shi mutane ne. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke ciniki da sarakunan hanya kan kuɗin fito. Akwai kuma jagaba, wanda ke wucewa gaba, shi ya san mashigin kogi, ya san rijiyar da ba ta ƙafewa da rani, ya san inda za a ya da zango. Wannan kalma ce ta zama sarauta, har ake ce wa Bola Tinubu Jagaban Bargu, ga wanda bai san asalinta ba.

In ayari ya isa gari, aikin jagaba ya ƙare, na fatoma ya fara. Shi ne mai masauki. Shi zai ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya gaya masa wane ne mai biyan bashi wane ne mai cinyewa. Ba don Allah kaɗai yake yi ba, yana da la'adarsa. Abin lura a nan shi ne, tun wancan zamani sanin hanya haja ce a ƙasar Hausa, ana sayar da ita ana ci da iyali. Kuma wanda ya sayar maka yana da suna da gida da mutuncin da zai zube in ya cuce ka.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannan motoci suka biyo baya, sai zango ya koma tasha, ɗan kamasho ya gaji wani ɓangare na aikin fatoma. Turawa kuma suka zo da nasu tsarin na gane wuri: titi mai suna, gida mai lamba. Duk wanda ya san Sabon Garin Kano ya ga wannan tsari, layuka a miƙe kamar an ja da zare, ga France Road, ga Church Road, ga New Road. Amma da ka shiga cikin ganuwa, ka doshi Yakasai ko Koki ko Mandawari, sai lissafin ya rushe. Lungu ne ke haifar lungu, wani ma in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. A can ba lamba ake tambaya ba, mutum ake tambaya.

Haka abin yake a garinmu har gobe. Ka sauka a Sabiyal ka tsaya kana waige-waige, dattijon farko da zai gan ka cewa zai yi, "Wanga yaro, gidan wa kaka biɗa?" Kana faɗin suna zai ƙwala wa wani yaro kira ya raka ka. Kafin ka isa, an san daga ina kake, an san wurin wa ka zo, wataƙila ma an yi hasashen abin da ya kawo ka. Kwatance ke nan irin namu: yana kai baƙo inda za shi, yana kuma sanar da gari cewa baƙo ya shigo. Ko a Kano, sunayen da ake kwatance da su ba na kan takarda ba ne. Bata sunan kamfanin takalma ne. 'Yan Kura, Gadar Lado, Kwanar Jaba, Gidan Ɗan Asabe da 'yan fim suka sani a titin gidan Zoo, duk bakin jama'a ne ya raɗa su ko ya raya su.

Wanda ya fi kowa haddace wannan karatu a zamaninmu shi ne ɗan acaɓa, wanda mu a Kebbi da Sakkwato muke ce wa ɗan kabu-kabu, 'yan Legas kuma su ce okada. Sana'ar ta yaɗu ne bayan matsin tattalin arzikin da shirin SAP na Janar Babangida ya kawo daga 1986, lokacin da tasi da bas suka yi tsada suka yi ƙaranci, ma'aikaci ya koma ɗaukar fasinja da mashin ɗinsa bayan tashi daga ofis. Daga baya mashinan Sin masu araha irin su Jincheng suka cika kasuwa, 'yan siyasa kuma bayan 1999 suka mayar da rabon mashin abin kamfe. A ce ɗan acaɓa yana da gaggawa, yana da baki, ya cika asibitin ƙashi da marasa lafiya, duk gaskiya ne, masu ɗorin Aliero ma shaida ne. Amma ka ce masa "gidan mai ƙosai na bayan masallacin Juma'a" ya kai ka har zaure. In bai sani ba, ya san majalisar da zai tsaya ya tambaya.

Wayar salula ta shigo a watan Agustan 2001, da Econet da MTN, ta kuma fara rage wa yaran unguwa kuɗin shiga, don saurayi ya daina aiken "wai ana sallama da wance". Sai 2005, shekarar da abubuwa biyu suka faru waɗanda a lokacin ba wanda zai ce suna da dangantaka. A Kano gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta fito da babura masu ƙafa uku domin mata, a daidai lokacin da Hisba ke hana su hawa acaɓa, jama'a kuma suka laƙaba wa baburan sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin, wato A Daidaita Sahu. A Amurka kuwa, a watan Fabrairun shekarar, kamfanin Google ya fito da taswirarsa ta intanet.

Bari in ɗan tsaya a nan, don na sha jin ana cewa wai kamfanin waya ne ke leƙen mutum daga sama. Akwai taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar sojan Amurka, suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,000 daga ƙasa. Kowanne yana ta aiko da saƙo mai ɗauke da lokaci da inda yake. Wayarka saurare kawai take yi. In ta ji daga guda huɗu, sai ta auna jinkirin isowar kowane saƙo ta lissafa inda kake tsaye. A da sojan kan gurɓata saƙon da gangan ga farar hula, sai a watan Mayun 2000 Shugaba Clinton ya sa aka daina. Wannan shuɗin ɗigo da kake gani ke nan. Ya san inda kake a doron ƙasa, amma bai san sunan wurin ba sai wani ɗan'adam ya rubuta masa.

Babban juyi a Kano ya zo a Janairun 2013. Ranar 19 ga wata 'yan bindiga suka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero hari, kuma kwanaki kaɗan bayan haka gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa. Dubban matasa suka wayi gari ba sana'a. Wasu suka koma A Daidaita Sahu, wanda daga nan ya tashi daga abin hawan mata ya zama na kowa da kowa, wasu suka bar gari. An yi maganar tsaro, an yi maganar abinci, amma ban ji wanda ya yi maganar ilimin da ya watse ba. Mai ƙafa uku ba ya shiga inda mashin ke shiga. Yana da layinsa, Bata zuwa kaza, 'Yan Kura zuwa kaza, ya sauke ka a bakin titi ka ƙarasa da ƙafa da bakinka.

A wannan giɓi ne manhajojin kiran mota suka hango kasuwa. Uber, wanda aka kafa a San Francisco a 2009, ya fara aiki a Legas a 2014, ya shiga Abuja a 2016. A shekarar ce kuma Taxify ya iso Legas, kamfanin da wani yaro ɗan shekara 19 mai suna Markus Villig ya kafa a ƙasar Estoniya, wanda ya sauya suna zuwa Bolt a 2019. Amma wanda ya girgiza Kano shi ne OPay, ɗan gidan masu Opera Mini da muka daɗe muna shiga intanet da ita. A 2019 ya ɗauki 'yan A Daidaita Sahu ya ba su waya, ya karya farashi warwas. Ka danna, babur ya zo har inda kake, ya kai ka kai kaɗai a kuɗin da bai kai na shata ba ko kusa. 'Yan makaranta da ma'aikata suka yi caa. Sauran masu babur da ba sa cikin tsarin kuwa suka ga ana janye musu tabarma. A watan Satumba 'yan sanda suka rufe ofishin kamfanin a Kano kan batun bin ƙa'idojin jiha. A Fabrairun 2020 Legas ta hana okada da keke a manyan sassanta, korona ta biyo baya, kuma a watan Yuli kamfanin ya sanar da dakatar da harkar ɗaukar fasinja. Duka-duka abin bai wuce shekara guda ba.

Ana yawan ɗora laifin a kan gwamnati da annoba. Suna da nasu kason, amma a ganina ko babu su da wuya abin ya ɗore a yadda ya fara. Talakan Kano ba shata yake ɗauka ba. Kujera guda yake saye, a cusa mutum uku a baya, wani lokaci har da na huɗu a gefen direba, kowa ya biya nasa. Manhaja kuwa a ginin ta shata take sayarwa, abin hawa guda ga mutum guda. Arahar da aka gani ba daga sama ta faɗo ba, kamfani ne ke cike giɓin da kuɗin masu zuba jari don ya saba wa mutane. Ranar da aka daina cikewa, farashi zai koma gidansa. Ga kuma kamasho. Ɗan kamashon tasha kana ganinsa, kuna iya cacar baki, gobe ku haɗu a wajen jana'iza. Na cikin waya yana yankar nasa, wanda a wasu kamfanonin ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin tafiya, ba tare da ya san nawa ake sayar da taya ba. Shi ya sa direbobin manhaja suka yi yajin aiki a 2021, suka sake yi a 2023 bayan cire tallafin mai, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Ba mamaki da inDrive, manhajar da ta bar fasinja da direba su yi ciniki, ta samu karɓuwa a Nijeriya. Wato dai an zagaya an dawo kan "nawa za ka rage?"

Sai matsalar suna. Su kansu kamfanonin sun gane ta. A 2017 hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST, ta rungumi wani tsari mai suna what3words, wanda ya yanka duniya gaba ɗaya zuwa 'yan murabba'ai masu mita 3, kowanne da kalmomi uku na Turanci a matsayin adireshi. Dabara ce mai kyau a takarda. Ni dai ban taɓa jin wanda ya gayyaci mutane ɗaurin aure da ita ba. A Yulin 2019 Google ya ƙara wa taswirarsa hanyar masu mashin a Nijeriya, da murya mai karin harshen 'yan ƙasa, da bayanin motocin danfo na Legas. Abin dariya, aikin taswira mafi zurfi da aka yi wa ƙauyukan Arewa ba don matafiya aka yi shi ba. Masu yaƙi da shan inna ne, daga wajajen 2012, suka riƙa bin hotunan tauraron ɗan'adam suna zana rugage da unguwanni, suna ba masu allurar rigakafi waya don a ga inda suka taka. Su ma sai da suka zauna da masu unguwanni kafin su san sunan kowane wuri.

Na ga wannan da idona a wata tafiya da na yi Kano don ganawa da wasu 'yan fim. Na kira mota ta wata manhaja, ina kallonta a allo tana matsowa kamar ƙwaro, sai ta tsaya cak. Waya ta yi ƙara.

"Malam, kana ta ina?"

Na ce ga ni nan daidai inda ɗigon ya nuna.

Ya ce, "Don Allah bar maganar ɗigo. Me kake kallo a gabanka?"

Na ce wani mai lemo da kankana, da shagon ɗinki mai koren ƙyaure.

"Ai sai ka ce min layin mai kankana! Tsallako, ina bayan taransifoma."

Kada a ce na tauye wa manhaja haƙƙinta. Ta kawo abin da acaɓa bai taɓa kawowa ba. Mace za ta ga sunan direba da hotonsa da lambar mota tun kafin ta fito, ta tura wa yayanta ya riƙa bin tafiyar daga gida. A garuruwan da ake fama da 'yan "wan cans" masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Baƙo kuma ya san kuɗin tafiya tun kafin a ji karin harshensa a ninka masa, abin da mu Sakkwatawa muka daɗe muna sha a Kano da zarar mun buɗe baki. A nan manhaja ta yi aikin fatoma sosai: ta tsaya wa baƙo. Sai dai tana son waya mai tsada, da data, da caji, da iya karatun boko. Kuma a garin da ƙwacen waya ya zama annoba, tsayawa a bakin titi da magariba kana duba taswira kamar tallan wayar kake yi.

Mu dawo gida. A Jega ko Aliero ko Maiyama ba ka buƙatar tauraron ɗan'adam ya nemo maka abin hawa. Ɗalibar jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana da lambar ɗan kabu-kabu biyu ko uku a wayarta, waɗanda wata ta gaba da ita ta ba ta ta ce amintattu ne. Wannan ma manhaja ce, illa dai ba ta da kamfani. Wani kawuna da ke kai albasa kasuwar Mile 12 a Legas bai iya karanta taswira ba, amma WhatsApp ba ya barin hannunsa. Direban tirela zai aiko masa da murya, "Alhaji, mun wuce Yawuri," "Alhaji, mun kwana Kwantagora," shi kuma ya tura wa mai masaukinsa na can, wani Bahaushe da mahaifinsa ma shi ke saukar da mahaifin kawun. Da na nuna masa yadda ake tura lokeshan, ya juya wayar ya duba, ya ce, "To ɗana, in na ɓace wannan abin zai fito nemana?"

Abin da ya shigo yankinmu da gaske daga waccan guguwa ta 2019 ba babur ba ne, asusun kuɗi ne. Kamfanin da ya kasa riƙe fasinja a Kano ya koma harkar tura kuɗi, kuma da ƙarancin takardun naira ya afka wa mutane a farkon 2023, sai ga mai albasa da mai kifi da ɗan kabu-kabu duk suna karanto lambar asusu da ka. Yau in ka sauka a tashar Jega ba ka da canji, kana iya jin yaro ya ce, "Yi min taransifa."

Shi ya sa waccan fitowa ta ba ni haushi. Da marubucin ya taɓa tsayawa ya saurari direba da fasinja suna neman juna, da ya ga Ibro bai tafi da barkwancin ba. Ga saurayi da shuɗin ɗigo a tsakiyar Yakasai, muryar Baturiya tana ce masa ya juya dama, damar kuma katangar gidan mutane ce. Caji saura kashi biyu. Yarinyar ta kashe waya don babanta ya shigo. Dattawan majalisa sun zuba masa ido tun zagayensa na farko, yanzu yana na uku. Dole ya cusa wayar a aljihu, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe su, ya faɗi sunan gidan da yake nema. Kuma wanda zai ɗago kai ya ce masa "Kai ɗan wane ne, me ya haɗa ka da gidan?" shi ne baffan yarinyar.